Faifan Black Angels na Kronos Quartet: kiɗan da ba ya lallashin kunne

Duk wanda ya kunna wannan faifai alhali ya ƙure sautin na'urarsa zai yi saurin kai hannu ya rage, domin daƙiƙar farko ba ta shigowa da sallama. Gogen Turawa huɗu ne suke tsala ƙara a tare, da kaifi da sauri, kamar an tashi gayyar ƙwari a cikin kunnen mutum. Ni kaina ranar da na fara saurare na cire abin sauraron daga kunnena, na ajiye faifan har tsawon mako guda. Abin da ya dawo da ni shi ne wani ɗan sashe mai sanyi da na tsinkaya can gaba kafin in kashe, wanda ya ƙi barin zuciyata, kuma tun daga lokacin na saurare shi daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa.

Faifan ya fito a 1990 daga kamfanin Nonesuch, tsawonsa kimanin awa ɗaya, ana kuma samunsa a faifan CD da manhajojin sauraron kiɗa na intanet. Makaɗan su huɗu ne: David Harrington da John Sherba a kan ƙananan goge biyu, Hank Dutt a kan matsakaici, Joan Jeanrenaud kuma a kan babban gogen da ake jingina wa ƙasa a kaɗa a zaune. Wannan haɗi na mutum huɗu tsohon tsari ne a kiɗan Turai, wanda aka gina domin ɗaki da ƴan masu sauraro kaɗan, babu madugu mai sanda a gabansu, sai dai kowa ya saurari ɗan'uwansa.

Kiɗan da ya ba faifan suna na George Crumb ne, Ba'amurke da aka haifa a 1929 a jihar West Virginia, ya rasu a 2022. Ya kammala shi ranar Juma'a, 13 ga Maris, 1970, ya kuma rubuta a jikin takardar da Latinanci cewa an yi shi a lokacin yaƙi, wato yaƙin Biyetnam da ke ci a wancan zamani. Sunan yana nufin baƙaƙen mala'iku, siffar da tsoffin masu zanen Turai suke amfani da ita domin nuna wanda aka kora daga rahama. Crumb ya raba aikin gida 13 a cikin manyan sassa uku, tafiya da rashi da dawowa, ya kuma ɗora lissafinsa duka a kan lambobin 7 da 13. Harrington ya ji wannan kiɗa a rediyo a 1973, abin ya kama shi har ya tara abokan aiki a birnin Seattle domin su kaɗa shi, kuma daga nan ƙungiyar Kronos ta samo asali. Sai da suka shekara 17 kafin faifansu na wannan aiki ya fito, kuma ana jin wannan doguwar zama da kiɗan a hannunsu, domin babu inda suka yi inda-inda ko a wuraren da suka fi tsauri.

Abin da yake sa mutane da yawa su juya baya ga irin wannan kiɗa shi ne ba su samun waƙar da za su bi da baki, ba su kuma samun kiɗan da za su kaɗa kai da shi. Gaskiya ne babu su a nan, amma akwai wani abu a madadinsu, kuma sai mutum ya san abin da makaɗan suke yi da hannuwansu kafin ya fara ganinsa. An haɗa kowane goge da amsa-kuwwa ta lantarki, saboda haka har gogar izga a kan tsirkiya ana jin ta kamar numfashi. Makaɗan suna girgiza caki, suna goga baka a gefen wani faffaɗan farantin ƙarfe, suna buga tsirkiya da ƴan sandunan gilashi da kuma ƙarfen nan da maɗinka suke sawa a yatsa. Suna kuma ƙirga lambobi da baki, wani lokaci da raɗa, wani lokaci da ihu, a harsuna da dama da suka haɗa da Jamusanci, Rashanci, Japananci da Suwahili. Wanda ya taɓa zama kusa da mai kukuma ko mai goge a ƙasarmu ya san cewa kurman sautin izga da ɗan kukan tsirkiya ba aibi ba ne, suna cikin daɗin abin. To Crumb ya ɗauki irin wannan sauti da makarantun Turai suke koya wa ɗalibi ya ɓoye, ya fito da shi fili ya mai da shi jigon magana.

Sashen da ya dawo da ni yana farkon kashi na uku. A nan mutum uku suna ajiye gogensu, su ɗauki baka suna gogawa a bakin kofunan gilashi da aka zuba wa ruwa daidai gwargwado domin kowanne ya ba da muryarsa, sai babban goge shi kaɗai ya hau sama yana rera wani dogon layi mai taushi a kansu. Sautin kofunan siriri ne, yana sheƙi, ba shi da farko ko ƙarshe da kunne zai kama, Jeanrenaud kuma ta kaɗa nata ba tare da ƙarin gishiri ba. Na gwada sauraron wannan sashe shi kaɗai, na tsallake abin da ya gabace shi, sai na tarar ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Hayaniyar farko ce take share masa fage, kuma wanda bai jure ta ba ba zai ji sanyin nan yadda aka nufa ba. Haka ma wurin da aka aro wani yanki na kiɗan Schubert, tsohon mai tsara kiɗa ɗan Austria, a kan mutuwa, ana kaɗa shi da baka a saman yatsun hannun hagu, sai ya fito a dushe kamar muryar da ake jiyowa daga bayan katanga.

Bayan Crumb sai aikin Thomas Tallis na Ingila, wanda aka rubuta a ƙarni na 16 domin muryoyi 40, Kronos suka naɗi sautin kiɗansu sau da yawa aka jera shi a kan juna. A ganina nan ne faifan ya fi rauni, domin tsirkiya ba ta da numfashin mutum, kuma muryoyin suna narkewa su zama abu ɗaya, ko da yake na yarda kunne yana bukatar wannan hutu. Na István Márta, mutumin Hangari, ya fi shi nisa: an gina shi a kan muryoyin mata da aka ɗauka a wani ƙauye na masu jin Hangariyanci a Romaniya, kuma kukan makokin da ke ciki ba ya bukatar tafinta. Sai gajeren yanki na Charles Ives, mai tsara kiɗa Ba'amurke, inda ake jin muryarsa shi kansa a wani tsohon ɗauka na 1943 yana rera waƙar yaƙi da dukan ƙarfinsa.

Rufewar ita ce kiɗa na 8 na Dmitri Shostakovich, mutumin Rasha, domin goge huɗu, wanda ya rubuta cikin kwana uku a watan Yulin 1960 kusa da Dresden, birnin Jamus da bama-bamai suka rushe a 1945, aka kuma sadaukar da shi ga waɗanda mulkin fasist da yaƙi suka hallaka. Ya saƙa haruffan sunansa a cikin sautuka huɗu da suke ta dawowa, kuma a sashe na huɗu akwai bugu uku-uku masu nauyi da mutane da yawa suke ji kamar ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare. Kronos sun kaɗa shi a bushe, da kaifi, ba su nemi zaƙin sauti ba. Wanda ya saba da yadda makaɗan Rasha suke ba shi nauyi da ɗumi zai iya jin kamar an rage wani abu, amma bayan abin da kunne ya sha a hannun Crumb, wannan bushewa ta dace da wurinta, har tsohon tsarin ya fito kamar ɗanye.

Shawarata ga mai son gwadawa ita ce kada ya saurara ta lasifikar waya, ko a mota, ko inda janareta yake ruri, domin tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni tana da faɗi sosai, kuma rabin aikin Crumb raɗa ne da hayaniyar waje za ta haɗiye. Ya nemi abin sauraro na kunne mai kyau, ya jira dare ya yi shiru, ya daidaita sautin da ƙarar daƙiƙar farko yadda zai iya jure ta, sannan ya bar faifan ya tafi a jerensa har bugun ƙarshe na Shostakovich ya mutu.