Ruwa mai tartsatsi da dare, da jadawalin da ya ci mana safiya guda

Gaskiya ba don kwale-kwalen dare muka biya kuɗin wannan shiri na wani kamfanin yawon shaƙatawa a bakin teku ba. Abubuwa uku ne a ciki: fita kallon dolfin (dabbar teku mai kama da babban kifi) a jirgin ruwa, tattaki a kan duwatsu idan teku ya janye, sai tuƙin ƙaramin kwale-kwale bayan duhu ya yi. Na ukun nan har na ce da maiɗakina mu bar musu, me mutum zai gani a ruwa cikin dare? Ita ta nace.

To, da ban je ba da na yi asara. Mun ɗan yi nisa daga fitilun garin, sai jagoranmu ya ce kowa ya kashe tocila ya tsoma filafilinsa a ruwa. Ina tsomawa sai ruwan ya kama haske shuɗi, kamar an watsa tartsatsi a ƙarƙashinmu. Na sa hannu na ɗebo, hasken yana zubowa ta tsakanin yatsuna. Kifi idan ya gilma, sai ka ga layin haske ya bi bayansa. Ɗanmu mai shekara 9, wanda tun a bakin gaɓa yake ƙorafin sanyi, tsit ya yi, can kuma ya fara ihu yana cewa, "Baba, sake yi!" Jagoran ya ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya iya gani, masu ƙyallawa idan an motsa ruwan, kuma kowace ƙyalla ba ta kai daƙiƙa guda ba. Mun taki sa'a ƙarshen wata ne, babu farin wata da zai dusashe shi. Kada ma ku wahalar da waya, ni hotuna baƙi ƙirin na kwaso.

A daren nan da an miƙo mini takardar ba su maki, taurari biyar cif zan ba su ba tare da tunani ba.

Amma yanzu da na zauna rubutu, abin da suka yi mana washegari ya dawo mini. Takardarsu ta ce tattakin duwatsu ƙarfe 9 na safe. Muka tashi yaro da wuri, muka taka har wurin, sai muka tarar ruwa ya shanye duwatsun kaf. Ma'aikacin da ke wurin ko a jikinsa, wai ai teku ne, ba su ke da iko da shi ba. Haba malam! Ni baƙo ma na san cikowar teku da janyewarsa ba a lokaci ɗaya suke zuwa kullum ba. Tsakanin cikowa da cikowa kimanin awa 12 da minti 25 ne, shi ya sa kowace rana lokacin ke matsawa gaba da wajen minti 50. Abu ne da ake lissafa shi tun kafin ranar ta zo. Ku da kuke cin abinci da wannan ruwa, ta yaya za ku buga lokaci ɗaya a takarda ku yi ta raba wa mutane? Aka ce mu dawo da rana, alhali a lokacin ne jirgin dolfin zai tashi. Haka tattakin ya bi ruwa, kuma ko sisi ba su mayar ba.

Dolfin kam mun gansu, guda huɗu ko biyar, suna ɓullowa su shaƙi iska ta ƙofar da ke saman kansu. Ni dai rabin tafiyar jiri da tashin zuciya suka cinye ta, sai da matuƙin ya ce in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa na ɗan samu sauƙi. Wannan ba laifinsu ba ne. Laifinsu shi ne rigar kariyar da suka ba yaro ta manya ce, tana hawa masa har kunne, sai da na ɗaga murya aka nemo daidai shi.

Taurari uku na ba su, biyu daga ciki na jagoran dare ne.