Clorox a tankin ruwan motar gida: yana aiki, amma ɗauraya tana cin rai

Shekara biyu ke nan da na sayi tsohuwar motar gida a jihar Ohayo, irin wadda Amurkawa ke kira RV, wato mota mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wadda iyali ke tafiya hutu a cikinta. A ƙarƙashin gadonta akwai tankin ruwa mai cin galan 45, kimanin lita 170, kuma daga nan ne muke samun ruwan shayi da na alwala da na wanke-wanke. Duk lokacin hunturu motar tana ajiye, an cika bututunta da ruwan nan mai launin hoda da ke hana daskarewa. Da na buɗe famfo a watan Afrilu, sai ga ruwa mai warin randar da aka manta da ita a bayan ɗaki, da na kwance matatar ruwa kuwa na tarar da yauƙi ya lulluɓe ta, har yana zame wa yatsa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ni dai ba zan dafa wa yara abinci da wannan ba."

Shagunan kayan irin waɗannan motoci suna sayar da magungunan wanke tanki na musamman, amma na zaɓi Clorox, bilic ɗin da ake samu a kusan kowane babban kanti a Amurka, ɗan uwan Hypo da Jik da muka sani a gida. Kamfanin ya fara aiki tun 1913 a birnin Okland na Kalifoniya, kuma abin da ke cikin jarkar shi ne sinadarin kulorin narkakke, yawanci kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Sai dai mai saye ya buɗe ido a gaban kanta, domin jarkokin sun yi kama da juna: akwai mai ƙamshin lemo ko na fure, akwai mai kauri da aka yi don kada ya fantsama, kuma duka biyun an ƙara musu abubuwan da ba a so su shiga ruwan sha. Wanda ake nema shi ne tsurarsa, marar turare.

Ma'aunin da littattafan irin waɗannan motoci suka saba bayarwa shi ne rubu'in kofi, kusan mililita 60, ga kowane galan 15 na girman tanki, saboda haka nawa ya ci kashi uku cikin huɗu na kofi. Ba a zuba shi kai tsaye, sai an fara sirka shi da ruwa a bokiti, sannan a ɗura da mazurari, a cika tankin maƙil da farin tiyo na ruwan sha. Kafin nan na cire matatar, domin gawayin da ke cikinta yana tsotse kulorin, na kuma kashe tukunyar dumama ruwa. Daga nan na kunna injin tura ruwa, na bi famfunan ɗaya bayan ɗaya, na sanyi da na zafi, har da shawa ta waje wadda ake yawan mantawa da ita, ina barin kowanne yana zuba har sai hancina ya ji warin kulorin kafin in rufe. Awa huɗu ne mafi ƙarancin lokacin da ake barin sa, ni kuwa na zuba bayan la'asar, na bar shi ya kwana.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Warin ruɓa ya ɓace gaba ɗaya, kuma har ƙarshen tafiye-tafiyenmu na wannan shekarar yauƙin bai dawo ba, alhali abin da na kashe bai kai kuɗin farantin abinci ɗaya ba.

Wahalar tana wajen ɗauraya, kuma a nan ne mai gaggawa zai ji haushi. Na zubar da ruwan, na sake cika tankin, na sake zubarwa, na ɗauka an gama. Da na haɗa shayi na kurɓa, sai na ji kamar na sha ruwan wurin ninkaya, citta da kanumfari duk sun kasa rufe ɗanɗanon. Sai da na cika na zubar sau uku kafin harshe ya daina jin sa, wato fiye da lita 500 na ruwa da kusan rabin yini, abin da ya dame ni ƙwarai a matsayina na wanda ya tashi yana ganin ana sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan ga-ruwa. Wasu suna kashe warin da ruwan khal, amma wajibi ne a tabbata bilic ya fita sarai tukuna, domin haɗuwar su biyu tana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, ga shi kuwa cikin mota wuri ne matsattse. Haka nan duk wanda ya ninka ma'auni da tunanin ƙarin tsafta, robobin injin da na famfo ne zai gajarta wa kwana. Nawa gangancin kuwa a wando ya bayyana, inda ɗigo biyu suka bar fararen tabo a gwiwa.

Zan ci gaba da amfani da shi sau biyu a shekara, da kuma duk lokacin da motar ta yi makonni ba a taɓa ruwanta ba. Ƙaramar jarka nake saye yanzu, tun da ƙarfin bilic yana raguwa bayan wasu watanni da ajiyewa, ragowar kuma uwargida ta kan karɓe ta don wankin fararen kaya.