Fiyoni, roz ko lalle: wanne ya dace da harabar gida a Legas?

Duk mai neman shukar da za ta shekara da shekaru tana fure a gidansa, ya kamata ya fara duba ko za ta jure zafi da danshin Legas, kafin ya tambayi kuɗinta.

Fiyoni, furen da mutanen Sin suke ɗauka alamar arziki da martaba, wanda birnin Luoyang ya yi suna da shi, yana iya haura shekara 50 a raye, amma ba ya fure sai ya sha makonni cikin matsanancin sanyi, kuma irin wannan sanyi babu shi a nan. Wanda ya yi odar saiwarsa ta intanet ya zubar da kuɗinsa. Roz yana rayuwa a Legas, sai dai ruwan Yuni da Yuli kan sa ganyensa ya yi baƙin ɗigo ya zube, don haka yana buƙatar feshi a kai a kai.

A ganina lalle ya fi su duka dacewa da mu. Furensa ƙanana ne farare masu ƙamshi, ganyensa kuwa shi ne na ƙunshin amarya da kwalliyar Sallah, har ma ba a cewa biki ya kankama sai an sa amarya a lalle. Mazaunin Agege ko Idi-Araba da ya shuka shi ya kawo wani yanki na gida ƙofar ɗakinsa.

Ana samunsa ta hanya uku. Iri ya fi araha, amma sai an jiƙa shi kwanaki kafin ya tsiro. Reshe ya fi sauri, idan an yanko shi daga itace mai lafiya. Dashen da ke cikin baƙar leda ya fi tsada, shi ne kuma ya fi tabbas, muddin mai saye ya ɗaga ledar ya duba gindinta: idan saiwa ta huda ta nutse a ƙasa, ko ƙasar tana warin ruɓa, ya ajiye ya zaɓi wani.

Lalle shukar busasshiyar ƙasa ce, ba ya son ruwa ya kwanta masa. A haɗa ƙasar da yashi da ɗan takin dabbobi, a huda gindin tukunyar, a ajiye ta inda rana take bugawa yini guda, a kuma riƙa datse rassan domin ya yi sabon toho, tunda tsofaffin rassa ƙaya suke fitarwa.