Wankin injekta a Suame Magazine: abin da wani gareji ya iya da inda ya gaza

Garejin da ake magana a kai yana cikin Suame Magazine a Kumasi, rumfa ce ta kwano da ba ta aikin komai sai injektar motocin fetur, wato 'yar na'urar da ke fesa mai cikin inji. Yawancin masu zuwa direbobin tasi ne daga Aboabo da Asawase da Tafo, masu tsofaffin Corolla da Almera da Opel Astra. Kukansu kusan ɗaya ne: mota tana jijjiga a silo, tana shan mai, ba ta tashi da wuri da safe, ko salansa tana warin ɗanyen fetur.

Abin yabo na farko shi ne Masta, wato mai garejin, ba ya barin yaransa su ɗora sifana kafin a sa wa motar kwamfutar da ke nuna lambar matsala. Lambar P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a inji, P0301 zuwa P0304 kuma na nuna silindar da ke tsallake wuta. To amma fulogi da koyil da tsagaggen tiyon iska duk suna iya jawo waɗannan lambobi. Shi ya sa yake musanya koyil tsakanin silinda biyu ya ga ko matsalar za ta bi shi, sannan ya auna ƙarfin famfon mai, wanda a irin waɗannan motoci yake wajen bar 3 (bar ma'aunin matsi ne). Famfo mai rauni ya sa an wanke injekta da yawa a banza a garin nan.

Idan laifin ya tsaya kan injekta, ana zare fiyus ɗin famfo, a bar inji ya ci gaba har ya mutu da kansa don matsin man ya sauka, a cire kan batir, a hure ƙurar da ke gindin kowace injekta kafin a ɗaga bututun man da injektocin ke jikinsa. Wannan hurewar ba ƙaramin abu ba ce, musamman lokacin hunturu, domin duk yashin da ya faɗa ramin, cikin silinda zai sauka. Kowace injekta ana rubuta mata lambar silindarta, a sa mata mitar lantarki don a auna wayar cikinta. Yawancin na waɗannan motoci suna ba da om 12 zuwa 16. Wadda ta fita daga nan sosai, wayar cikinta ce ta lalace, wanki ba zai tashe ta ba.

Inda kuɗin mutum yake halatta shi ne kan teburin gwaji. Ana jera injektocin huɗu a saman kwalabe masu ma'auni, a fesa su tare, mai mota yana tsaye yana gani da idonsa. Lafiyayya tana fitar da feshi kamar hazo. Toshasshiya kuwa sai ta riƙa tsartuwa gefe guda, ko ta zubo da zare ɗaya. A ce uku sun tsaya a mililita 50, ɗaya ta tsaya a 42: wannan silindar tana aiki da yunwa, ita ce ke kawo jijjigar. Bambancin da ake yarda da shi bai kamata ya wuce kashi 5 cikin 100 ba. Daga nan sai a bar su rufe ƙarƙashin matsi a duba baki. Wadda ke ɗiga ita ce ke jiƙa fulogi bayan an kashe mota, ta kuma sirka baƙin mai da fetur. Bayan gwajin ne ake tsoma bakunansu a ruwan wanki na na'urar girgiza, minti 15 zuwa 20, ana buɗe su ana rufewa da lantarki har daskararren dattin da zafin inji ya toya ya saki. Sai a zare ƙaramar matatar da ke saman kowace, a kora ruwa ta baya, a sa sabuwa, a maimaita gwajin.

Wannan ya yi nisa da abin da wasu fitoci ke yi a bakin titi, wato haɗa injekta da batir kai tsaye a fesa mata maganin kabreta. Babu ma'auni, kuma idan aka daɗe da riƙe wayar, koyil ɗin cikinta yana ƙonewa.

Gazawar garejin tana wajen roba. Zoben robar sama da na ƙasa da suke sawa na kwali ne marar suna, wasu kuma kaurinsu bai yi daidai ba. Na sama idan ya saki, fetur ne zai zubo kan inji mai zafi. Na ƙasa idan ya saki, iska za ta shiga, P0171 ta dawo. Gara mutum ya sayo nasa masu kyau da lambar injinsa, ya tsaya a shafa musu ɗan baƙin mai mai tsabta kafin a tura, ba man birki ba, wanda ke kumbura irin wannan roba. Haka kuma ba sa tuna wa mutum matatar mai sai ya tambaya. A Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008 matatar tana cikin tanki tare da famfo, kuma in ba a taɓa ta ba, tsatsa da laka za su sake cika injektar da aka wanke.

A garejin suna kuma gwada injektar hom-yus, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, kafin mutum ya biya, in mai kayan ya yarda a kawo. A dai duba lambar da ke jikinta, don kamannin waje ba ya nuna yawan man da take fesawa.

Masu Sprinter da sauran motocin dizal na zamani kada su ɓata tafiya. Injektarsu tana aiki da matsin da ya haura bar 1,000, tana bukatar wani teburi daban, wasu ma sai an shigar da lambarsu a kwamfutar mota bayan an ɗaura. Masta da kansa yake mayar da su.