Wata uku ina biya ma ƙanwata kur ɗin fizik, ga abin da na gani

Jama'a da yawa sun tambaye ni zancen kur ɗin yamma, wato ƙarin darasi bayan makaranta, da na sa ƙanwata a nan unguwar Zariya ta Maraɗi, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan malamin ba don ban nemi izininshi ba, ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yana karantar da yaran lise a zauren gidansu sau uku a sati bayan la'asar, jikka biyar a wata kowane yaro.

Yarinyar tana piramiyar D, ajin kusa da na ƙarshe a lise ɓangaren kimiyya, badi in Allah ya kai mu za ta shiga tarminal, ajin ƙarshe, ta yi bak, jarabawar gama lise. Dabuwar ɗinta, wato gwajin cikin aji, ta farko ta fizik 6 bisa 20 ta samu, ta zo gida tana kuka, kuma ni na san ba rashin karatu ba ne don kullum da kaye a hannunta har tsakar dare, formil duk ta hardace su kamar karatun allo amma da an juya tambaya kaɗan sai ta tsaya cak. Wallahi abin ya dame ni sosai, ni ne babba a gidan, kuma burinta likitanci.

Ranar farko na zauna daga baya don in ga inda kuɗina za su tahi. Abin da ya fara yi shi ne ya ce kowa ya maida kalkuleta cikin jaka. Ya rubuta a allo: ɗan kabu-kabu yana gudun kilomita 36 a awa, mita nawa yake ci a sakan guda? Yara sha biyar shiru. Bai ba su amsa ba, ya ce kilomita guda mita nawa ne, sunka ce 1000, awa guda sakan nawa, sunka ce 3600, to ku raba 36000 da 3600. Mita 10. Sai ƙanwata ta ce "Mushe ashe nan 3,6 ɗin ya hito", shekara biyu tana raba lamba da 3,6 ba ta san dalili ba. Daga nan ya ce to in mai babur ɗin ya ninka gudu ya kai 72, ƙarfin motsin da ke jikinshi ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, saboda a cikin formil ɗin ƙarfin motsi ½mv² (m kilon abin, v gudunshi) gudun ana ninka shi da kanshi, shi ya sa in ya taka birki tazarar da zai ja kafin ya tsaya ita ma kusan ninki huɗu ce. Ni kaina da nake hawan babur kullum zuwa babbar kasuwa maganar ta shige ni.

Dokarshi guda ce kuma ba ya sassauta ta: kafin ka taɓa lissafi ka zana hoton abin, ka rubuta me aka ba ka, me ake nema, ka maida komai mita da kilo da sakan, sannan formil. In ka kawo amsa ba ma'auni a bayanta sai ya tambaye ka "490 na me, awaki ko tumaki?" Da buhun gero ya raba masu abin da ke rikita yara, ya ce kilo 50 ɗin nan yawan geron ne, ko duniyar wata ka kai buhun kilo 50 ne, amma nauyin da ƙasa ke ja shi ne 50 sau 9,8 wato 490 niyuton, a wata kuwa sai ya koma wajen kashi ɗaya cikin shida.

Amma wanda ya fi burge ni na rijiya ne. Wata Lahadi ya kwashe su zuwa wata garka a bakin gulbi inda akwai tsohuwar rijiya, na bi su. Yaro ɗaya ya saki dutse, ba jifa ba, saki kawai, wata ta riƙe waya tana auna lokaci har a ji ƙarar ruwa. Sau biyar sunka yi, yana ba da wajen sakan 2. Nan a ƙasa da tsinke ƙanwata ta rubuta rabin 9,8 sau 2 sau 2, ta samu mita 19,6. Sai mai garkar ya kawo igiyar guga aka auna, wajen mita 18 zuwa kan ruwa. Yara sunka fara cewa lissafi ya yi ƙarya, malamin ya ce a'a ku nemo inda bambancin ya ɓuya, da kansu sunka gano cewa ƙarar ma sai ta ɗauki lokaci ta hawo tunda mita 340 take yi a sakan, ga kuma jinkirin yatsa kafin a danna waya. A hanyar komawa gida ta ce min "Yaya yau na yarda abin nan gaskiya ne ba ƙirƙira ba."

Inda ban ji daɗi ba kuma zan faɗa. Zauren ya yi ƙanƙanta, yanzu sun kai ashirin da wani abu, na baya ba sa ganin allo sosai kuma lokacin zafi abin ba a magana. Wani lokaci yana makara in darasinshi na jami'a ya ja, sai a tashi gab da magariba, ga ƴan mata da ke da nisa, ni dai ina zuwa ɗaukar tawa amma ba kowa ke da mai ɗauka ba. Sannan ɓangaren lantarki ya bi ta kai da sauri, U = RI da P = UI (U bolt, R rezistans mai rage gudun wuta, I amfiya, P wat) ya yi su cikin zama biyu kawai, misali ɗaya na gani mai kyau, na ƙwan fitila mai wat 6 a kan batirin sola mai bolt 12 da ke jan rabin amfiya. Har yanzu in aka haɗa mata rezistans biyu a jere da biyu a gefe tana rikicewa. Shimi kuwa, wato darasin sinadarai, ba ya taɓawa ko kaɗan, wanda ke neman duka biyun ya sani tun yanzu.

Dabuwar ta biyu 11 ta samu, ta uku 13,5. Ba wai ta zama gwana ba, amma yanzu in ta ga tambaya bik take ɗauka ta fara zane, ba ta zama tana kallon takarda. Na biya na wata mai zuwa jiya, kuma na roƙe shi ya ƙara zama biyu a kan lantarki ya raba yaran gida biyu, ya ce zai duba bayan jarabawarshi.