Yaya, ga labarin motar da ka ce in duba maka

Yaya, ina gaisuwa. A gaishe min da Inna da yaran garaji. Ka ce in nemo maka farar motar kaya irin wadda nake tuƙawa a nan Liyon ta Faransa, ka riƙa jigila tsakanin Kasuwar Dole da Magarya. Na duba, amma ina so ka ji yadda cikinta yake kafin mu saki kuɗi.

Injin gazuwal ne, sai dai ba irin na tsohuwar Hiace ɗinka ba, wadda kake kasa kunne ka gane ciwonta. Totur ɗin ma ba shi da igiya. In na taka, saƙo ne ke zuwa wurin wani ɗan akwati, kalkilatar suke ce masa. Shi ke sauraron ƙananan na'urori: wannan na auna iskar da ta shiga, waccan zafin ruwa, wata juyin inji. Sai ya yanke yawan man da kowane injektar, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, zai fesa da lokacin da zai fesa shi. Famfo na matse man cikin bututu guda har bar (ma'aunin matsi) 1,800 ko 2,000, alhali tayar motar bar 4 zuwa 5 take sha. Hujin bakin injektar kuwa kamar silin gashi. Ƙwayar yashi ko ɗigon ruwa ya isa ya lalata shi.

Watan jiya a hanyar Garanobul fitilar gargaɗi ta kama, mota ta ƙi wuce gudun kilomita 80 a awa. Kalkilatar ne ya rage mata ƙarfi da kansa don kada inji ya lalace. Makanike ko sifana bai ɗauka ba. Ya jona wata kwamfuta da suke kira balis a wani soket mai huji 16 kusa da sitiyari, minti biyar ya ce na'urar iska ce ta yi datti. Dubawa kaɗai yuro 60, kusan jika 40 na sefa. Wallahi a aikin hannu yaranka sun fi shi, amma ba balis ba za su ga abin da ya gani ba.

Ga kuma man. Tun 2009 gazuwal ɗin Turai sulfur ɗinsa, wato farar wutar da ke cikinsa, bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kuma don shi aka ƙera injin. Sababbin motocin suna da tankin AdBlue, ruwa ne da takin yuriya mai tace hayaƙi. In ya ƙare ka kashe mota, ba ta sake tashi. Na tuna ƙurar hunturun Damagaram da man jarka na bakin hanya, gabana ya faɗi.

Shawarata, mu nemi tsohuwa mai famfon gargajiya. Rarar kuɗin in sayi balis in aiko ta Kwatano, ka tura ƙaninmu Kano ko Yamai ya koyi karanta ta. Ka kira ni ran Juma'a bayan masallaci mu tsayar da magana.