Tsantsar asiton a kan tsoffin sulalla: inda ya yi aiki da inda ya gaza

Duk mai tara tsoffin sulalla ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka buɗe ma'aji aka tarar kore ya hau kan kwabon da aka bari fes. Na gwada tsantsar asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da maiƙo da danƙo, a kan sulallan tagulla da na azurfa da suka yi irin wannan koren, kuma sakamakon bai zo ɗaya ba, domin koren kansa ba iri ɗaya ba ne.

Akwai koren da ke fitowa daga 'yar jakar roba mai laushi ta PVC da ake saka sulalla a ciki. Sinadarin da ke sa robar laushi yakan tsatso a hankali, musamman idan da zafi, ya kwanta a fuskar ƙarfe ya zama wani abu kore-kore mai danƙo da maiƙo. A nan asiton ya burge ni ƙwarai. Na zuba shi a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi, na tsoma sule, na bar shi ya jiƙu. Danƙon ya saki ƙarfen da kansa, ban sa hannu ba. Daga nan nakan mayar da sulen cikin sabon asiton, saboda wanda ya sha dauɗa zai sake shimfiɗa ta idan ya bushe. Bushewar ma ba ta buƙatar tsumma, nan da nan yake bin iska. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne launin da shekaru suka ba sulallan ya tsaya yadda yake, ruwan ƙasa-ƙasan tagulla da duhun azurfa duk suna nan. Sai dai ba na barin tagulla ta daɗe a ciki, kuma ba na ajiye kwalbar a rana.

A wasu sulallan, da danƙon ya tafi sai ƙananan ramuka suka bayyana. Wannan ba laifin asiton ba ne. PVC idan ta daɗe tana lalacewa takan saki asid mai cin ƙarfe, asiton ya yaye mayafin ne kawai.

Inda ya gaza shi ne koren da ake kira ciwon tagulla. Shi wannan fari-farin kore ne mai garin-gari, yana tasowa tabo-tabo, idan ka taɓa shi da tsinke sai ya zube. Tushensa gishirin kuloraid ne da ya shige jikin ƙarfen, galibi a sulallan da suka daɗe a binne, irin na zamanin Rumawa. Idan ya haɗu da danshi da iska sai ya haifar da asid, asid ɗin ya ci tagulla, cin ya sake haifar da kuloraid, haka abin ke ta zagayawa har sule ya rarake. Asiton maiƙo da danƙo yake narkarwa, ba shi da iko a kan gishirin da ke cikin ƙarfe. Bayan na fitar da irin waɗannan sulalla daga asiton, tabon ya dawo a daidai wurinsa. Abin da ya taimaka shi ne ɗauke garin a hankali da tsinken katako, sannan doguwar jiƙa a ruwan da aka tace ta tururi ana canza shi, ko a ruwan wani sinadari mai suna sodiyam seskwikabonet na kashi 5 cikin 100. Aiki ne na makonni, kuma ruwan sinadarin yana iya sauya launin sule, don haka ba na kai shi inda ciwon bai tabbata ba. Bayan haka sai busarwa sosai da ajiya a busasshen wuri, danshin iska ƙasa da kashi 40 cikin 100, tare da ƙunshin silika mai shanye laima.

Koren da ya yi tauri ya yi santsi ya rufe tsohuwar tagulla bai-ɗaya kuwa, kariya ne ga ƙarfen kuma yana cikin darajar sulen. Asiton bai taɓa shi ba, ni ma haka nake so.

Mai niyyar sayen asiton ya tabbatar tsantsa ne. Wanda ake goge jan farce da shi yakan zo da turare da mai, su kuma suna barin saura a kan ƙarfe. Asiton yana kama wuta da sauri, don haka a yi aikin nesa da wuta a inda iska ke shiga, kuma a gilashi, domin yana narkar da robobi da yawa. Ko auduga aka sa, a dangwala kawai, kada a cuɗa. Cuɗa tana barin siraran zane, kuma kamfanonin tantance sulalla irin su PCGS da NGC suna sa wa irin wannan sule alamar an wanke shi, farashinsa ya faɗi. Ruwan tsami da man goge ƙarfe sun fi haka ɓarna, don suna kwashe fatar sulen gaba ɗaya su bar shi da wani ɗanyen ja mara kyau.

Waɗanda na wanke na mayar da su jakunkunan robar Mylar masu tauri marasa PVC, tsoffin jakunkunan kuma na zubar. Sule mai tsada da ciwon tagulla ya kama shi, ban yarda a yi gwaji a kansa a gida ba. NGC na da sashen gyara mai suna NCS, irin wannan wurin ya kamata ya tafi.